Ramukan saiti a bututun bindigar farauta: a toshe su ko a kai wa mai walda?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a jihar Pennsylvania ta Amurka, ina da lasisin farauta, kuma duk ƙarshen Nuwamba nakan bi abokan aiki farautar barewa. Bindigata Remington 700 ce mai cin harsashin .30-06, ta hannu na saya. Da na ɗora mata madubin hange sai saitin ƙarfe na baya ya riƙa tokarar bakin madubin, don haka na kwance shi, na haɗa da na gaba. Yanzu ramukan sukuru huɗu ne a kan bututun, biyu kusa da baki, biyu a baya, kuma ba na son ganinsu. Wani abokina mai walda ya ce in kawo ya ɗiga musu ƙarfe a goge. In ba shi, ko akwai wata hanya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka ba shi. Ka gode masa, amma bindigar ta zauna a gida. Zan zo kan dalili. Kafin nan ga abin da zai kwantar maka da hankali: ramukan nan ba lahani ba ne. Kamfanin da kansa ya huda su, da zurfin da ya san bututun zai ɗauka, kuma tun 1962 da aka fara ƙera wannan samfurin ake yawo da irinta a daji, wasu da saiti a kai, wasu an cire. Ba sa karkatar da harsashi, ba sa sa bututu ya fashe. Illarsu biyu ce kawai. Ido ba ya son su, sannan ruwa da gumin hannu suna kwanciya a ciki. Ta biyun ta fi damuna. Lokacin farautarku ko ruwa ake yi ko dusar ƙanƙara, kuma bindigar da aka shigo da ita ɗaki mai ɗumi daga cikin sanyi sai ka ga tana zufa. Za ka goge jikin bututun, amma tsumma ba ya kai wa ƙasan rami, tsatsa kuwa can take fara cin tiredi, wato zaren da sukuru yake bi ya ɗauru, ba ka sani ba.

Maganin da nake ba kusan kowa shi ne sukurun toshiya. Ɗan guntun sukuru ne marar kai, da tsaga a samansa, an riga an rina shi baƙi, an yi shi ne don wannan aikin kaɗai. Irinsa ne kamfanoni suke sa wa a ramukan ɗora madubi kafin bindiga ta bar masana'anta, wataƙila ma ka kwance huɗu daga saman gidan sakata, wato ƙarfen da ke bayan bututun inda sakatar tura harsashi take kai-komo, ranar da ka ɗora naka madubin. In kana da su a ajiye, gwada su, don a Remington 700 galibi awonsu ɗaya ne da na bututun. Awon shi ne 6-48. Lamba 6 kaurin sukurun take nufi, inci 0.138, wato milimita uku da rabi, 48 kuma yawan zagayen tiredi a inci ɗaya. Shi da 8-40, wanda ya ɗan fi shi kauri, su ne suka mamaye bindigogin farauta na Amurka. Shagunan kayan gyaran bindiga irin su Brownells da ke Iowa suna sayar da su da araha. Akwai masu ɗan leɓe a sama da ke tsayar da su daidai bakin rami, su na fi so a kan bututu.

A nan mutane suke yin ɓarna, don haka ka kula. In ka shiga shagon kayan gini ka ce a ba ka sukuru lamba 6, abin da za a miƙo maka 6-32 ne. Kaurinsu ɗaya, tiredinsu daban. Haka ma na awon mita, M3.5: kaurinsa kusan daidai yake da 6-48, amma tazarar tiredinsa milimita 0.6 ce, ta 6-48 kuwa kusan 0.53. Zai shiga zagaye ɗaya ko biyu lafiya lau, sai ya cije. Mai gaggawa sai ya ce datti ne, ya ƙara ƙarfi, ya markaɗe tiredin ramin da dama bai wuce zagaye biyar ko shida ba. Ƙa'idar ita ce sukurun da ya dace yana shiga da yatsu ko da ɗan juyi marar nauyi har ƙarshe. Da zarar ya nemi ƙarfi, fito da shi ka duba.

Ga yadda za ka yi. Ka zare sakata gaba ɗaya, ka leƙa ka tabbatar babu harsashi a ciki ko a ma'ajinsa, ka fitar da harsasai daga ɗakin da kake aiki. Ka kwantar da bindigar a kan abin da ba za ta mirgina ba. Ka ɗiga asiton, ruwan nan mai narkar da mai da gam, a kowane rami, ka bi tiredin da tsinken sakace, za ka yi mamakin busasshen mai da tsohon gam da zai fito. Ka maimaita har tsinken ya fito fes, ka hure ramin ya bushe. Asiton yana ɓata fentin katako, saboda haka ka rufe ƙotar ko ka cire ta.

Daga nan ka auna zurfi. Sabon tsinke za ka gutsure wa tsini, ka zura har ƙasa, ka yi alama da farce daidai bakin ramin, ka kara shi da sukurun. Dole sukurun ya gaza ramin tsawo. Wannan ba ƙa'idar ado ba ce, bari in nuna maka da lissafi. A ce kaurin bututunka a wajen baki inci 0.650 ne, wanda ba baƙon awo ba ne a bindigar farauta, wato milimita 16.5. Faɗin hanyar harsashin .30-06 inci 0.308 ne, milimita 7.8. In ka debe ka raba biyu, naman ƙarfen da ke kowane gefe milimita 4.3 ne da ɗoriya. Ramin da ya yi zurfin milimita 3 ya bar maka abin da bai kai ɗaya da rabi ba tsakanin ƙasansa da inda harsashi yake wucewa. Sukuru kuwa, duk ƙanƙantarsa, matsi mai yawa yake yi in aka ɗaure shi. In ya dunguri ƙasan ramin ka ci gaba da murɗawa, zai iya tura wannan ɗan ƙarfen ciki ya yi ƙullutu a hanyar harsashi, dab da baki, inda bindiga ta fi ƙin a taɓa ta. Ramukan baya suna kan nama mai kauri, ba su da wannan haɗarin sosai. Na gaba su ne abin lura. In sukurun ya yi tsawo, ka rage shi da magagari daga ƙasa, ba daga wajen tsagar ba.

Batun gam: ɗigo kaɗan na Loctite mai ruwan hoda-shuɗi, lamba 222, wanda aka yi don ƙananan sukurori, ko shuɗin nan 242 ko 243. A jikin sukurun za ka shafa da bakin tsinke, kada ka cika ramin da shi, don ramin bai ɓulle ba, ruwan ba shi da wurin zuwa, sai ya hana sukurun zama. Jan Loctite kuwa ka bar shi, ba ya sakin abu sai an gasa shi zuwa wajen digiri 250 a ma'aunin Celsius. Gam ɗin yana yin aiki biyu, yana hana jijjigar harbi kwance sukurun, yana kuma toshe hanyar ruwa. Ka samu sukundireban da bakinsa ya cika tsagar daidai, mai miƙaƙƙen baki irin na masu gyaran bindiga, domin na gida mai bakin tsini yana zamewa ya ja maka dogon zane a kan rini. Ka zagaye ramin da salatif kafin ka fara. Ka juya har saman sukurun ya yi daidai da jikin bututun, sannan ka tsayar da tsagar ta kalli baki, dukkan huɗun a layi ɗaya. Wannan ɗan abin shi ke raba aikin da aka yi da kula da wanda aka yi don a rabu da shi. Ka goge gam ɗin da ya fito, ka bar shi ya kwana.

Bututu zagayayye ne, saman sukuru kuwa shimfiɗaɗɗe, saboda haka gefe biyu za su ɗan fito ko tsakiya ta ɗan nutse. Za a gani in an duba. Amma duk wanda ya san bindiga in ya ga sukurun toshiya huɗu a jere ya san abin da suke, ba ya kiran su aibi.

To, in ka ce kai sam ba ka son a ga ko alama, akwai hanya, sai dai ka san abin da za ka biya. Ba toshe ramin ne mai wuya ba, launi ne.

Yadda masu gyara suke yi shi ne, a sami dogon sukuru 6-48 na ƙarfe mai taushi. In mai tauri ne, a gasa shi shi kaɗai, nesa da bindigar, har ya yi ja, a bar shi ya huce a hankali. A kankare rinin jikinsa, a wanke shi da ramin da asiton. A ɗan share bakin ramin kaɗan ya yi gangare, don a kawar da farkon tiredi, in ba haka ba bayan an gama za ka ga ɗan zane mai lanƙwasa a gefen wurin, wanda shi ne bakin tiredin da ya rage. A murɗa sukurun ya zauna, a yanke shi da ƙaramin zarto a bar kamar milimita ɗaya a sama. Sai a ɗauki ƙaramar guduma mai zagayayyen kai a yi ta bubbuga wannan ɗan tsinin, bugu marar nauyi, da yawa, ana zagaya gefe, har ƙarfen ya baje ya cika gangaren nan babu rata. Daga nan magagari mai laushi, ana bin lanƙwasar bututun, ana shafa masa alli don kada ɓurɓushi ya maƙale ya yi zane. In an kusa kai wa daidai sai a yanko siririyar samfefa, a ratayo ta a kan bututun, a riƙe bakinta biyu ana ja dama da hagu, daga lamba 240 zuwa 320 zuwa 400. In hannun ya iya, a farin ƙarfe ba za ka nuna inda ramin yake ba.

Ka lura da abu biyu. Gudumar nan tana sauka ne a kan ramin da muka yi wa lissafi ɗazu, don haka a na gaba dole a yi hattara, bayan an gama kuma a tura matsattsen tsumma da sandar wanki a ji ko akwai inda ya cije, ko a leƙa da ƙaramar kyamarar duba cikin bututu. Na biyu, magagari da samfefa sun riga sun cinye rinin da ke kewaye da kowane rami. Rinin bindiga ɓawo ne siriri ƙwarai na baƙar tsatsa da aka haifar da gangan, shafa biyu ta ɗauke shi. Yanzu kana da fararen tabo huɗu da suka fi ramukan girma nesa ba kusa ba.

Ruwan rinin sanyi da ake sayarwa a kwalba, irin su Oxpho-Blue ko na Birchwood Casey, yana rufe ɗan ƙarzane, amma a fili mai faɗin yatsa ba ya zama launi ɗaya da na kamfani. A ɗaki za ka ce ya yi, ka fita rana sai ka ga wurin ya yi toka-toka ko ya yi shuɗi, kuma da yawan riƙo yake kodewa. Abin da ke ɓoye aikin shi ne a sake rina bututun duka, ko dai a tafasasshen ruwan gishirin rini da ke kai wa wajen digiri 140, ko ta tsohuwar hanya, a sa ƙarfen ya yi jar tsatsa, a dafa shi a ruwa ta koma baƙa, a goge, a maimaita har launi ya kama. Ko da an yi haka, sau da yawa sai ka ga ɗigo huɗu sun fito da ɗan bambanci, don ƙarfe kowanne da yadda yake shan rini. Bututun irin naka galibi ƙarfen 4140 ne mai ɗan kuromiyam da molibdinam, sukuru kuwa wani ƙarfe ne daban. Mai gyaran da ya damu da aikinsa yakan fiƙe toshiyar daga guntun tsohon bututu don su zo iri ɗaya. Akwai kuma wata ƙaramar masifa: in toshiyar ba ta rufe ruf ba, gishirin rini yana shiga cikin tiredi ya ɓuya, bayan makonni ya riƙa tsattsafowa fari-fari a gefen wurin yana jawo tsatsa. Sannan ka dubi jikin bindigarka. In mai sheƙi ce, gogewar samfefa za ta iya kamo ta. In irin marar sheƙin nan ce da aka fesa wa yashi kafin rini, wurin da aka goge zai riƙa ƙyalli shi kaɗai har sai an sake fesa wa bututun duka.

In bututun farin ƙarfe ne marar tsatsa, babu zancen rini, sai a nemi sukuru na irin ƙarfen a goge su tare. Kada ka gwada da maganaɗisu don ka gane, domin ƙarfen 416 da ake bututu da shi yana kama maganaɗisu. Ɗigon rinin sanyi a wurin da katako ya rufe shi zai gaya maka: in bai yi baƙi ba, marar tsatsa ne.

Wanda dama yake da niyyar canza wa bindigarsa kama, shi abin ya zo wa da sauƙi. Fentin Cerakote da ake gasawa a wajen digiri 120 yana rufe komai, ba ruwansa da bambancin ƙarfe. A nutsar da sukurun toshiya ƙasa kaɗan, a cike saman da gam mai garin ƙarfe irin J-B Weld, ya bushe sarai, a goge ya bi lanƙwasa, a fesa. Gam zalla ba tare da sukuru a ƙasa ba yakan ɗan janye, bayan fenti ka ga zobe.

Yanzu walda. Ba raina hannun abokinka nake ba, yana iya zama gwani a ƙofa da tankin ruwa. Bututun bindiga wani abu ne daban. Harsashin .30-06 yana tashi da matsin da ƙa'idar masana'antun Amurka ta yarda ya kai fam 60,000 a kan kowane murabba'in inci, kuma ramukan baya ba su da nisa da inda wannan matsin yake da ƙarfinsa. An gasa ƙarfen an daidaita shi ya zama mai tauri amma mai juriya, wajen 30 a ma'aunin taurin ƙarfe na Rockwell. Walda narkar da ƙarfe take yi, sama da digiri 1,400, a ɗan wuri ɗaya, sauran bututun mai sanyi kuma sai ya zuƙe zafin nan take. Ga 4140 wannan daidai yake da a tsoma jan ƙarfe a ruwa. Gefen waldar sai ya ƙanƙare ya haura 50, magagari ya riƙa zamewa a kansa, ya zama mai saurin tsagewa. Shi ya sa masu walda a masana'antu ba sa taɓa wannan ƙarfen sai sun ɗumama shi duka tukuna, su kuma sanyaya shi sannu a hankali. Farin 416 ya ma fi muni, saboda akwai farar wuta a cikinsa da aka sa don ya yi sauƙin yanka, ita kuwa tana sa walda ta tsage.

Bayan wannan, ƙarfen da ya narke yana tsukewa in ya huce, kuma duk ramukan a gefe ɗaya suke, a sama. Sai ya ja bututun ya ɗan lanƙwasa, ko hanyar harsashi ta matse a ƙarƙashin wurin, ko zafi ya tayar da ɓawo a ciki. Lanƙwasar da ido ba ya gani ta isa ta sa harbi ya riƙa tafiya in bututu ya ɗau zafi. Ramin da bai ɓulle ba kuma mai tiredi yana riƙe mai da iska, su kan fito su bar ƙananan ƙofofi a cikin waldar. In ka tsallake duk wannan, ƙarfen da aka ɗiga ba zai sha rini kamar na bututun ba, ga tabon nan dai. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Akwai ƙwararru masu walda da hasken leza ko ƙaramar na'urar walda ta TIG da ke cike ramuka a tsofaffin bindigogi masu daraja, suna sarrafa zafin da kyau, amma yawanci a jikin gidan sakata ne ko wurin da ba ya ɗaukar matsi, kuma kuɗin aikinsu ba na ramin da sukuru zai rufe ba ne.

Dalma ma wasu suna cewa a narka a ciki. Zafinta kaɗan ne, wajen digiri 180 zuwa 190, ba za ta cutar da ƙarfen ba, sai dai fara take zama, rinin ƙarfe ba ya kama ta, gishirin rini mai zafi kuma cinye ta yake yi. Ta azurfa tana son zafin da ya haura digiri 600, ka koma kusa da matsalar walda.

Akwai wani dalilin da ya sa nake son sukurun toshiya, wanda ba na ƙarfe ba ne. Madubi yana fashewa, yana yin hazo, mutum yana zamewa a kan ƙanƙara da shi. Wanda ya bar tiredinsa lafiya yana iya mayar da saitin ƙarfe cikin ɗan lokaci. Ranar sayarwa kuma, bindigar da ke da rininta na asali da saitinta a leda ta fi wadda aka sake wa rini daraja a idon masu saye, musamman tsofaffin samfura. Mai Winchester 70 ƙirar kafin 1964, alal misali, in ya goge rininta don ɓoye rami ya yi wa aljihunsa illa.

In ka zaɓi hanyar guduma da sabon rini, ka kai wa mai gyaran bindiga na gaske. A Amurka babu laifi mutum ya gyara tasa, amma wanda ya mayar da gyaran na mutane sana'a sai da lasisin tarayya daga hukumar ATF mai kula da harkar bindigogi, ka nemi ya nuna maka nasa. Masu karatu a Najeriya kuma su sani cewa Dokar Makamai ta 1959 ba ta bar gyaran bindiga a hannun kowa ba, sai wurin da hukuma ta ba izini, ko da bindigar mai lasisi ce.

Saitin da ka cire ka sa shi a leda da ɗan mai, sukurorin gaba daban, na baya daban, ka rubuta a jiki, don tsawonsu yakan bambanta kuma dogon in ya shiga ramin gaba shi ne ƙullutun da na faɗa. Kafin lokacin farauta ka je filin gwaji ka yi 'yan harbi ka tabbatar madubin yana nan inda ka saita shi, sannan ka bi sukurorin huɗu da yatsa ka ji ko wani ya ɗago.